Shanyar Marka a Umm Rakuba

Duk wanda ya taɓa fatauci a Borno ya san firgi, baƙar lakar nan ta wajen Dikwa da Gamborun Ngala, wadda da rani take tsagewa har mutum ya zura hannu a ciki, da damina kuma ta riƙe takalmi ta ƙi saki. To irin wannan ƙasa ce ta shimfiɗe a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, tun daga bayan gari har ka doshi iyakar Habasha. Ita ce arzikin mutanen wurin, don a kanta ake noma dawa da riɗin da suka sa kasuwar amfanin gona ta Gadarif ta yi suna har ƙasashen waje. Ita ce kuma jarrabawarsu. Idan ta sha ruwa ba ta sakinsa da wuri. Sai ta riƙa mayar da shi sama kaɗan-kaɗan, dare da rana, cikin ɗakinka, cikin buhunka, cikin tufar da ka shanya.

Daga garin Gadarif akwai kwalta da ta yi kudu maso gabas zuwa Gallabat, garin kan iyaka da ke fuskantar Metema ta Habasha. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga mutanenmu. Tun kafin zuwan mota, alhazan ƙasar Hausa da Borno masu tafiya Makka a ƙafa suna ya da zango a nan, su yi noma shekara ɗaya ko biyu su tara guzuri. Wasu su wuce, wasu kuma zaman ya ɗore har jikoki. Bayan yaƙin Burmi na 1903 wani babban ayari ya ƙaru a Sudan, waɗanda suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Shi ya sa yau za ka tsaya a kasuwa kana lalubar Larabci, sai ka ji an ce maka "sannu da zuwa, Alhaji". Mai masaukina jikan irin waɗannan bayin Allah ne. Hausarsa cike take da Larabci kamar yadda tamu ke cike da Turanci, amma muna fahimtar juna sarai.

A watan Agustan 2022 na bi shi da dila biyu ta gwanjo da 'yan turamen atamfa. Muka sauka a Doka, wani gari da ke kan wannan kwalta, mai suna kamar Bahaushe ne ya raɗa masa. Daga Doka zuwa Umm Rakuba tafiya ce kaɗan, amma da an bar kwalta, tsakiyar damina wadda su ke kira kharif, ƙaramar mota ba ta da ta cewa. Tarakta ce sarauniya. A bayanta muka zauna, mu da buhunan gawayi da jarkokin mai da wata akuya, laka tana fallatso mana.

Rakuba a Larabcin Sudan ita ce rumfa, irin wadda ake kafa ƙirare a ɗora ciyawa ko zana a sama, a bar gefe a buɗe. Ke nan sunan wurin kamar a ce Mai Rumfa. Ƙauye ne a tsakanin 'yan duwatsu, kimanin kilomita 70 daga iyaka, wanda duniya ba za ta san shi ba in ba don masifa ba. A shekarun 1980 aka kafa sansani a nan domin mutanen Habasha da suka gudo wa yunwa da yaƙi. Aka rufe shi wajen shekarar 2000. Da yaƙin Tigray ya ɓarke a farkon Nuwamban 2020, jama'a suka riƙa ƙetare kogi zuwa Hamdayet, fiye da mutum 60,000 cikin 'yan watanni, sai aka sake buɗe Umm Rakuba cikin gaggawa. Ta kai ta tara wajen mutum 20,000. Akwai dattawan da suka zauna a nan suna yara, suka koma gida suka gina rayuwa, ga shi sun dawo da furfura. Allah Ya raba mu da ganin irin wannan.

Daminar farko, ta 2021, iska da ruwa sun yi wa tantuna ɓarna sosai. Bayan nan ƙungiyoyin agaji suka shiga raba katako da zana da tamfol, aka kuma fara gina bukkoki masu jinka irin na mutanen yankin, waɗanda 'yan Gadarif ke kira guɗɗiyya, mutanen Habasha kuma tukul. Lokacin da na je wurin ya zama gauraye: ga tanti, ga bukka, ga rumfar shayi, ga mai ɗinki da kekensa, ga mai gasa gahawa da hayaƙin lubban yana tashi. A tsakanin kowace bukka da 'yar'uwarta kuwa, igiya. Ban taɓa ganin garin da igiyar shanya ta yi yawa haka ba, kuma rabin abin da ke kanta jiya ma yana nan.

Mu masu sayar da tufa da hanci muke ciniki kafin ido. Warin gumi daban, warin hayaƙi daban, warin maganin da ake fesa wa dilar gwanjo daban. Akwai kuma wani, mai tsami-tsami kamar tsumman da aka manta a baho, wanda ke fita daga rigar da aka wanke tas da sabulu amma ta daɗe ba ta bushe ba. Idan abin ya yi nisa sai ɗige-ɗigen fumfuna su biyo baya, baƙaƙe ko toka-toka, waɗanda in suka kama farin yadi sai dai haƙuri. Wannan warin ne ya tarbe ni a Umm Rakuba, a jikin mutane masu tsafta waɗanda na ga suna wanki da idona. Kowa ka tambaya sai ya ce maka sanyi ne ya jawo.

Ni dai ban yarda da laifin sanyi ba, kuma hujjata tana gida. A Kano yaushe aka fi sanyi? Disamba da Janairu, lokacin hunturu. Yaushe kuma shanya ta fi saurin bushewa? Lokacin nan dai. Ka shanya babbar riga da hantsi, kafin azahar ta yi ƙarau, leɓenka ma ya tsage. Gadarif haka take da nata hunturun: dare da sanyi, iskar arewa busasshiya, tufa ba ta kwana a igiya. A marka kuwa, sanyin bai kai rabin na hunturu ba, amma wando zai yi kwana biyu yana ɗanye. Abin da ya bambanta su shi ne iskar hunturu tana da ƙishirwa, ta marka kuwa ta sha ta ƙoshi.

Wani matashi ɗan Kassala, injiniyan ruwa da ke aiki da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin agaji, shi ya fitar mini da lissafin a bayan kwalin sabulu muna shan shayi. Ya ce, "Ya Hajj, kai ɗan kasuwa ne, bari mu yi da ma'auni." Ka ɗauki iska mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Idan zafin wuri digiri 25 ne, iyakar ruwan da za ta iya ɗauka giram 23 ne, ko kusa da haka. Ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, mita 2 tsayi, kusan girman tantin iyali ke nan, yana da irin wannan ma'auni 32. Ka haɗa, duk iskar ɗakin ba za ta ɗauki lita ɗaya ba, kamar kashi uku cikin huɗu na lita. Wannan fa in busasshiya ce ƙarau. A ranar marka da iska ta riga ta cika kashi 80 cikin 100, gurbin da ya rage bai wuce kofin shayi ɗaya ba.

Yanzu ka dubi wankin. Tufar auduga da aka matse da hannu tana riƙe ruwa kusan nauyinta. Duk mai sikeli a shago ya gwada ya gani. Wankin iyali mai kilo 3 yana shiga ɗaki da ruwa wajen lita 3. Lita uku a gefe guda, kofin shayi a ɗaya gefen. Sai iskar ɗakin ta fita sabuwa ta shigo kamar sau 20 kafin kayan su bushe. To me mutum ke yi idan ya ji sanyin marka, ga yara, ga sauro? Ya rufe ƙofa, ya toshe taga, ya danne gefen tamfol da duwatsu. Cikin ɗan lokaci iskar ta ƙoshi, bushewa ta tsaya cak. Da dare kuma in gari ya ƙara sanyi, ruwan da iskar ta ɗauka sai ya taru a jikin tamfol ta ciki, ya riƙa ɗigowa kan mutane da kaya kamar rufin ne ke yoyo. Ga firgi daga ƙasa tana ƙara nata. Na shiga tantin da aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka ɗaga gefenta, ƙarƙashin ya yi jagab kamar an zuba ruwa.

Shi warin kansa ba daga ruwan yake ba. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a cikin zaren tufa suna cin maiƙon jiki da dattin da wanki bai fitar ba. Muddin akwai laima suna hayayyafa, abin da suke fitarwa shi ne tsamin nan. Mutanen Japan, da yake su ma suna da doguwar damina da ƙananan ɗakuna, sun bi diddigin abin. A 2012 masu bincike na kamfanin Kao suka wallafa cewa wata bakteriya mai suna Moraxella osloensis ita ce kan gaba wajen haifar da wannan wari, kuma tana jure bushewa. Wannan ya warware mini wani abu da kowace uwar gida ta sani: rigar da ta taɓa yin tsami, ko ta bushe ta daina wari, da ka sa ta ka yi gumi kaɗan sai warin ya dawo sabo. Masu yin sa ba su mutu ba, barci suka yi. Don haka tsere ne tsakaninka da su. In kayan suka bushe cikin 'yan awoyi ka riga su. In suka kwana suka wuni, sun riga ka.

A sansani akwai abin da ke ba su ƙarin sa'a, wato ƙarancin ruwa da sabulu. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ta ce aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana, ta sha da girki da wanka da wanki duka, sabulun wanki kuma giram 200 a wata. Ka ga wadda ta bi layi ta ɗauko jarka a ka cikin wannan laka ba za ta yi ɗauraya uku ba. Ta yi ɗaya ta gode Allah. Ragowar kumfa da datti suna nan a cikin zare, abincin waɗancan halittu ke nan. Abin dariya, ruwa na zuba daga sama kamar da bakin ƙwarya amma na ɗauraya ya gagara. Masu dabara na tara daro da bokiti a bakin tamfol, kuma ruwan sama ya fi kowanne fitar da kumfa.

Zuwana ya dace da ƙarshen azumin mako biyu da Kiristocin Tigray ke yi domin Nana Maryamu, wanda ke ƙarewa da bikin 'yan mata da suke kira Ashenda, wajen 22 ga Agusta. Al'adarsu ce zuwa coci da farin mayafi na auduga mai shara-shara, netela, 'yan mata kuma su sa fararen riguna masu ado a gaba. Ka duba fa, watan da ya fi kowanne ruwa da laka, a cikinsa ne kowace mace ke son farinta ya fita fes. A makon nan ne kuma labari ya iso cewa faɗa ya sake ɓarkewa a Tigray, ga layukan waya a yanke, mutum bai san halin da iyayensa ke ciki ba. Duk da haka suka yi wankinsu. A nan na ga ƙwarewa.

Da asuba suke farawa, domin ruwan wannan yanki ya fi saukowa da la'asar ko da dare, safiya kan yi sassauci. Ba sa jiƙa kaya su kwana. Matsa kuwa mutum biyu ke yi, kowa ya kama gefe guda suna murɗawa har sai ɗigo ya ƙare, sannan a karkaɗe da ƙarfi sau uku ko huɗu don zare ya buɗe. Wata mata na ga ta shimfiɗa busasshen tsohon bargo, ta ɗora rigar 'yarta a kai, ta naɗe su tare kamar tabarma, ta hau da ƙafa tana takawa. Da ta warware, rigar ta yi rabin bushewa tun ba a kai ta igiya ba. Duk ruwan da ka fitar da hannu, ka rage wa iska aiki.

Idan hadari ya taso ba sa gudu da kayan cikin tanti. Ƙarƙashin rakuba suke mayar da su, inda sama a rufe take, gefe a buɗe, iska na ratsawa. Wanda ba shi da rumfa ya roƙi maƙwabci. In dole sai cikin ɗaki, sai a ja igiyar daga ƙofa zuwa taga, ta bi hanyar da iska ke bi, a ɗage gefen tamfol ta ɓangaren da ruwa ba ya bugowa. Tsakanin tufa da tufa a bar tazarar tafin hannu. Ba a ninka zane biyu a kan igiya ɗaya. A raba shi kan igiya biyu ya yi kamar rumfa, iska ta bi ta ciki. Wando a juya shi, aljihu a waje, domin ƙugu da aljihu da hammata da wuyan riga su ne maɓoyar laima. Kana taɓa tsakiyar riga ka ji ta bushe, ka ninke, ashe ƙugun wandon da ke kusa da ita ɗanye ne, ya shafa wa akwati gaba ɗaya.

Akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Adey, wato inna a harshensu, wadda ta fito daga gida da gabi ɗaya. Gabi wani lulluɓi ne mai kauri, auduga ninki huɗu, ɗan'uwan gwadonmu. Na ga ya yi duhu, na sa mai masaukina ya tambaye ta da Larabci ko ba za a wanke shi don biki ba. Ta girgiza kai ta ce, "Ya waladi, wannan sai ruwa ya ɗauke. In na jiƙa shi yanzu na kashe shi." Kullum da rana ta leƙo sai ta baza shi kan dutse ya sha iska, ta kakkaɓe, ta rataye a sama. Ina ganin ta fi mu gaskiya, mu da ke ɗauka kowane datti maganinsa ruwa ne nan take. Bargo da gwado da darduma mai kauri, in ba najasa ce ta taɓa su ba, su jira rana.

A Doka kuma, gidan mai masaukina, na ga yadda matan Hausawan Sudan ke yi, kuma su sun ƙara da wuta. Tawul da nafkin ɗin jariri da singileti, uwargidansa a tafasasshen ruwa take tsoma su kafin wanki, ko ta zuba musu ruwan zafin da hannu ba ya iya jurewa ta rufe na ɗan lokaci. Zafin da ya kai digiri 60 yana kashe yawancin masu kawo warin, abin da sabulu da ruwan sanyi ba sa yi. Atamfa mai zuba da yadin roba ba a yi musu haka, sai dai ɗan ruwan khal a ɗauraya ta ƙarshe. A nan bari in ja kunne: kada a kuskura a haɗa khal da bilic a baho ɗaya, iskar da ke tashi guba ce mai ƙona ƙirji. Kowanne da ranarsa.

Sai guga. Jallabiyar maigida tana saura ɗan danshi ake sauke ta, a bi ta da dutsen guga na gawayi har tururi ya daina tashi, a rataye ta ta huce kafin a ninke. Wannan hucewar mutane da yawa ke tsallakewa. Tufa mai ɗumi in ta shiga akwati ko leda sai ta yi gumi a ciki. Gugar tana da wani amfanin kuma ga masu jarirai, don a ƙasashenmu akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kan tufa mai laima, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kamar maruru, kuma zafin dutse na kashe ƙwan.

Turare shi ne na ƙarshe, kuma matan Sudan ba a koya musu turare. Itacen ɗalih da sandal da sauran haɗe-haɗe, a ɗora kaya kan kabbasa hayaƙi ya ratsa su. Amma na ji Hajiyar tana faɗa wa 'yarta, wadda ta ɗauko mayafi ɗanye za ta turara don sauri: "Ke, mayar da shi igiya. Turare a kan danshi wari biyu ne." Haka abin yake. Ƙamshin zai rufe na awa ɗaya, daga nan su haɗu su ba da wani abin da ya fi na farko muni. Masu fesa turaren kwalba a kan rigar da ta yi tsami, ku ma da ku ake.

Inda abin ke zama batun rai shi ne gawayi. Mutum ya ga kaya sun ƙi bushewa, yara na rawar sanyi, sai ya shigo da kurfoti cikin tanti ya rufe ko'ina, ya rataye tufafi a samansa. Haɗari biyu ne a nan. Na farko gobara, a wurin da komai ciyawa ne da leda, bukka na jingine da bukka. Na biyu ya fi shiru: gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala, ya kwanta ya ƙi tashi. Mu ma a gida kowane hunturu sai mun ji irin wannan labari. In za a yi amfani da garwashi, a yi a rumfa ko a bakin ƙofa a buɗe, da babba a zaune, a fitar da shi kafin barci. Ita ma laimar ba a raina ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari da shessheƙa da tsanantar asma. Yaron da ke kwana ƙarƙashin ɗanyen wanki kullum, ƙirjinsa ne ke biya.

Ga 'yan'uwana masu shago, abin da na gani a kasuwar Doka ya isa darasi. Wani mai gwanjo da ke kusa da mu ya jera dilolinsa a ƙasa, jingine da bango, ya lulluɓe da tamfol ya ɗaure tam don tsoron ruwa. Da ya buɗe bayan mako biyu, na ƙasa sun yi ɗige-ɗige, warin har layi na gaba. Rabin kuɗi ya sayar, wasu ma bai samu mai taya ba. Mai masaukina kuwa kayansa na kan angarib, gadon igiyar nan nasu, wasu kan katako da aka ɗora bisa duwatsu, da tazarar taku ɗaya daga bango. Tamfol a sama kawai, kamar laima, ba ya taɓa kaya. Duk ranar da gari ya buɗe sai ya sa yara su juya, na ƙasa ya koma sama. Shadda da atamfar da ke cikin ledar kamfani ba ya buɗewa sai mai saye ya zo, wadda aka riga aka buɗe kuma ba ya mayar da ita leda.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba a tanti suke ba. Wani yana Guangzhou, inda a watannin Maris da Afrilu bango da tayil ke yin gumi kamar an watsa ruwa. Wani yana Istanbul ko Ingila cikin ɗaki ɗaya da 'yan'uwa huɗu, kowa da wankinsa a kan hita. Lissafin ɗan Kassala yana aiki a can ma, har ya fi daɗi. Iskar waje mai sanyin digiri 5 ba ta iya ɗaukar fiye da giram 7 a wancan ma'auni, ko da ana yayyafi. In ta shigo ɗaki ta ɗumama zuwa digiri 20, tana iya ɗaukar 17. Ke nan iskar sanyin da kake toshewa ita ce mai ƙishirwar da kake nema. Ka buɗe taga kaɗan a ɗakin da aka yi shanya, ka rufe ƙofar da ke tsakaninsa da inda ake kwana, ka kunna fanka ta fuskanci kayan. Fanka ba ta cin wuta kamar hita, kuma a wannan aiki ta fi ta. Hitar gas ko ta kananzir marar bututun hayaƙi ma ƙara ruwa take yi a ɗaki, domin ƙonewarsu tururi take fitarwa. Guangzhou ce kawai ta saɓa: a kwanakin gumin bango iskar waje ita ce mai ɗumi da laima, don haka mutanen garin rufe taga suke yi su kunna na'urar tsotse laima ko na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya wanke da inji kuma, kada ya bar kaya a ciki ya tafi kasuwa sai dare, ya bar murfin injin a buɗe bayan ya gama.

A Nuwamban 2022 aka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Tigray a Pretoria, amma yawancin mutanen Umm Rakuba ba su samu komawa ba, domin da yawansu daga yammacin Tigray suke, wajen Humera, inda rikicin mallakar ƙasa bai ƙare ba. Sai kuma Sudan ɗin kanta ta kama da wuta a Afrilun 2023. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara, 'yan ƙasa da kansu suka cika makarantu da masallatan Gadarif, iyali goma a aji ɗaya, igiya daga taga zuwa taga. Mai masaukina ya ce mini a waya yanzu sabulu ya fi atamfa kasuwa.

Ruwa kan ɗauke a wajen Oktoba. Firgi ta fara tsagewa, tarakta ta koma gona, ƙananan motoci su dawo hanyar Doka. Lokacin yankan riɗi ke nan, ma'aikata na kwarara daga ko'ina, kuɗi na shiga hannu, mai tufa ya yi ciniki. A makonnin nan ne ake fito da barguna da darduma da su gabin Adey, duk abin da ya jira tun Yuni, a wanke a baza kan duwatsun da ke bayan sansanin, kafin la'asar an kwashe.